Wi-Fi a Gidan Bene: Rifita, Powerline, Mesh ko Jan Kebul?

Gidan bene mai hawa biyu ko uku, rauta guda ɗaya tal a falon ƙasa. Wanda ke zaune kusa da ita yana kallon ƙwallo ba ko tangarɗa, amma mutanen sama sai sun fito bakin matakala kafin saƙon murya ya tafi. Ɗakin baƙi da ɗakin maigadi kuwa ba a ma batunsu. Idan ka kai wannan koke kasuwar waya, ko Farm Center a Kano ko Banex a Abuja, abu huɗu za a jera maka a kan kanta: rifita ta soket, na'urar Powerline mai bin wayar wutar gida, saitin mesh (na'urori biyu ko uku masu aiki tare), da kuma AP (access point, na'urar watsa Wi-Fi) da ake mannawa a silin a ja mata kebul. Dukkansu suna aiki, amma ba a gida iri ɗaya ba. Yawancinsu sun fi jin daɗin gidaje irin na Amurka, inda bangon ciki katako ne da allon jifsam. Mu kuwa bulo muke ɗorawa, mu zuba dakin na kankare da rodi a tsakanin hawa da hawa, sannan wutarmu ba ta zama. Waɗannan biyun, gini da wuta, su ne za su yanke maka hukunci fiye da duk abin da aka rubuta a jikin kwali.

Kafin ka kashe ko sisi

Tsaya kusa da rauta, ka buɗe Speedtest ko fast.com a wayarka, ka rubuta abin da ka gani. Ka hau sama ka sake gwadawa a ɗakin da ake kuka da shi. Idan tun a gindin rautar gudun bai taka kara ya karya ba, matsalar ba ta cikin gida ba ce, daga kamfanin da ke ba ka intanet take, kuma babu mesh ɗin da zai gyara ta. Idan kuwa a ƙasa kana samun megabit 60 a sakan, a sama 3, to karatun nan naka ne.

Sandunan da waya ke nunawa a saman fuskarta ba abin dogaro ba ne. Sauke manhaja irin WiFiman ko WiFi Analyzer, ka zaga gidan ɗaki ɗaki. Za ka ga lamba mai alamar ragewa a gabanta, da dBm a bayanta. Kusa da -50 sabis ne mai ƙarfi. Har zuwa -67 kiran bidiyo zai tafi lafiya. Daga -75 zuwa -80 kuwa waya za ta nuna tana haɗe amma ba abin da ke buɗewa. Ka lura da abin da ke faruwa yayin da kake hawa matakala: lambar tana raguwa a hankali, sai ka kauce daga ramin matakalar ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, nan take ta faɗi warwas. Dakin ne ya tare ta. Kankare mai kauri da ragar rodi a cikinsa yana cinye sabis fiye da bangon bulo biyu ko uku, kuma ƙofar ƙarfe, babban madubi, firij da tankin ruwa duk suna ƙara nasu.

Akwai kuma batun zango. Rauta ta zamani tana magana a kan 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon yana ratsa bango ya yi nisa, amma a hankali yake tafiya, kuma hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1, 6 da 11, waɗanda kai da maƙwabta duk kuke rububinsu. Na biyun yana da gudu, sai dai bango ɗaya ko biyu sun isa su karya shi. Sabon zangon 6 GHz na Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 ya fi su gudu, ya kuma fi su rauni a gaban siminti.

Ma'aunan da zan bi

Tambaya ta farko, wadda ta fi sauran nauyi: ta ina saƙo zai bi daga hawa zuwa hawa? Ta iska, ta wayar wuta, ko ta kebul ɗin intanet? Kowace na'urar da za ka saka a sama sai ta karɓo daga ƙasa kafin ta rarraba, kuma ba za ta raba abin da ba ta samu ba.

Ta biyu, wuta. Na'ura nawa ce, kowacce a wane soket take, kuma me zai faru da ita idan NEPA ta ɗauke? Gidaje da yawa inbata ba ta ɗauke da dukan soket, fitilu da fanka da wasu 'yan soket kawai aka ɗora mata.

Sai kuɗi, na saye da na aiki. Zan faɗi farashi da dala a ƙiyasce, domin na naira yana bin canji. Sai sauƙin haɗawa, wanda ya haɗa da ko gidan naka ne ko na haya, an gama shi ko ana kan gini. Sai ƙarko da haɗari: zafi, ƙura, tsawa, tsaron kalmar sirri. Na ƙarshe shi ne yawo a cikin gida, wato ko za ka iya fara kira a falo ka ƙarasa shi a ɗakin sama bai katse ba.

Matsar da rautar da kake da ita

Wannan kyauta ne, don haka a fara da shi. Fito da rauta daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗora ta a wuri mai tsayi, a tsakiyar gida, kusa da ramin matakala, domin nan ne kaɗai dakin ya bar ƙofa. A bene mai hawa biyu marar faɗi sosai, wannan kaɗai yakan rufe bakin masu ƙorafi. Kada ka kai ta cikin rufi ƙarƙashin kwano. Yawancin na'urorin gida an yi su ne su yi aiki har zuwa digiri 40, zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato kuwa a inuwa ma yana kai hakan, balle a ƙarƙashin kwano.

Masu rautar 4G ko 5G ta SIM suna da wata tsaka mai wuya. Rautar tana son taga a hawa na sama inda take ganin eriyar kamfani, gidan kuma yana son ta a tsakiya. Ba ta iya zama wuri biyu. Ka bar ta inda take samun sabis mai kyau, rarrabawar cikin gida a nemo mata mataimaki. Sayen babbar rauta mai eriya takwas ba ya warware komai a gidan dakin, domin ko ta yi ƙarfin da za ta kai sama, ƙaramar eriyar wayarka ba ta da ƙarfin mayar da amsa.

Rifita

Ita ce mafi arha, daga dala 15 zuwa 40, kuma mafi sauƙi: a soka ta a soket, a haɗa ta da rauta ta manhaja, shi ke nan. Aikinta irin na ladanin da ke isar da kabbarar liman ga sahun baya ne. Sai ya ji liman sarai kafin ya maimaita, kuma ba ya iya saurare da faɗa a lokaci guda. Daga nan illolinta biyu suka fito. Idan ka kai ta cikin ɗakin da babu sabis, ba abin da za ta maimaita sai raunin da ta tarar, ko da wayarka ta nuna sanduna cike. Wurinta tsakani ne, inda sabis bai gaza -65 ba, galibi a kan matakala. Sannan da yake da rediyo ɗaya take karɓa take kuma bayarwa, kusan rabin gudun yana tafiya a hanya. Mai zango biyu, wadda ke karɓa ta ɗaya ta bayar ta ɗayan, ta fi dama dama.

Yawancinsu suna buɗe suna na biyu, sai ka ga waya ta maƙale wa rautar ƙasa tana jan sanda ɗaya alhali kana tsaye kusa da rifita, sai ka canza da hannu. Jera biyu, ɗaya na karɓa daga ɗaya, ɓarnar kuɗi ce. Ta fuskar ƙarko, tana zaune kai tsaye a soket, duk hawa da saukar wuta a kanta yake ƙarewa. Marasa suna da ake sayarwa da arha ba sa samun sabunta manhaja, wasunsu ma kalmar sirrin shiga saitinsu ɗaya ce a duk duniya. In za ka saya, sayi ta kamfanin da aka sani.

A ganina rifita maganin ɗaki ɗaya ce. Wanda ya ce za ta rufe masa bene mai hawa uku, kayansa yake son sayarwa.

Powerline

Na'urori biyu ne. Ɗaya a soket kusa da rauta, haɗe da ita da gajeren kebul, ɗayar a soket ɗin sama tana ba da Wi-Fi. Saƙon yana bin wayar wutar da ke cikin bango, saboda haka dakin ba ya tare shi. A takarda dabara ce mai kyau, farashinta tsakanin dala 50 da 100, ba fasa bango, ba hayar ma'aikaci.

Matsalar ita ce wayarin ɗinmu. Manyan gidaje da dama layi uku suke karɓa daga NEPA, kuma mai wayarin yakan raba hawa hawa ko sashe sashe a kan layuka daban. Idan soket biyun ba a layi ɗaya suke ba, saƙon yana raunana ƙwarai ko ya ƙi wucewa. Sai batun inbata da janareta: da rana NEPA na nan komai lafiya, da dare an koma batir, soket ɗin sama ba ya kan inbata, ko yana kai amma ta wata da'ira daban, sai haɗin ya yanke. Inbata mai arha, injin ruwa, firij da cajojin waya marasa kyau duk suna zuba hayaniya a wayar wuta, kuma wannan hayaniyar gudu take ci. Ba a kuma soka ta a sitabilaiza ko doguwar soket mai kariyar hawan wuta, domin tacewar da suke yi tana kashe saƙon. Dole kai tsaye a bango, inda kuma ba ta da garkuwa ranar da aka kawo wuta da ƙarfi. Lambar AV1000 ko AV2000 da ke jikin kwali kada ta ruɗe ka, abin da ke isa sama ɗan kaso ne na wannan.

Wanda ke da layi ɗaya, wayarin mai kyau, da sola da ta ɗauke gidan gaba ɗaya zai iya cin moriyarta. Amma ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka dawo da ita in ta ƙi, domin ba a sanin halinta sai an gwada a soket ɗin da za ta zauna.

Wani zai tambaya game da kebul ɗin dish da ya riga ya ratsa ɗakuna. Akwai na'urorin MoCA masu bin irin wannan kebul, sun yaɗu a Amurka, amma zangon da suke aiki a kai ya faɗa cikin wanda dish ɗin tauraron ɗan'adam ke amfani da shi. Kebul ɗin da ke ɗauke da DStv ba zai ɗauki duka biyun ba.

Mesh

Nan ne yawancin masu saye suke karkata, kuma da dalili. Na'urori biyu ko uku iri ɗaya, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, manhaja ɗaya a waya. Suna magana da juna, suna tura wayarka zuwa wadda ta fi kusa, ta yadda kiran WhatsApp yakan tsira daga falo zuwa sama. A kasuwanninmu TP-Link Deco, Tenda Nova da Mercusys Halo sun fi yawa, Netgear Orbi da Eero kuma sai an nema. Saitin uku mai zango biyu yana kamawa daga kusan dala 100 zuwa 200, mai zango uku daga 300 zuwa sama. Haɗawa ba ta wuce aikin rabin awa ga wanda ya saba da waya.

Sai dai mesh ɗin da ba a ja wa kebul ba ta iska yake haɗa 'ya'yansa, kuma wannan iskar ce dakin yake tarewa. Galibi a kan 5 GHz suke wannan zancen, zangon da ya fi tsoron siminti. Idan ka ajiye ɗaya a ɗakin ƙasa, ɗaya a ɗakin da ke bisa kansa, tazarar ba ta wuce mita uku ba, amma kankare da rodi ne a tsakani. Gara ka jera su a kan matakala, ɗaya a gindinta, ɗaya a inda ta ɓulla a hawa na biyu, ɗaya a na uku, suna kusan ganin juna. Ko da hakan, mai zango biyu yana rasa kaso mai yawa a kowane tsalle, na hawa na uku kuwa tsalle biyu ya yi. Mai zango uku ya ware rediyo guda don wannan aiki, shi ne dalilin tsadarsa, amma shi ma bai fi ƙarfin dakin mai kauri ba. Faɗin murabba'in mita da aka buga a kwali, ka rage shi sosai a ranka.

Abubuwa biyu da za ka duba kafin ka biya. Na farko, ramukan kebul da ke bayan na'urar. Wasu masu arha, irin Deco E4 da Nova MW3, ramukansu ba sa wuce megabit 100, yayin da Deco M4 da Nova MW6 suke da gigabit, wato megabit 1000. Ga mai 4G babu bambanci, amma mai faiba, 5G ko Starlink zai toshe wa kansa hanya. Na biyu, lambobin AC1200 ko AX3000 jimla ce ta zanguna biyu. AC1200 na nufin 300 a kan 2.4 da 867 a kan 5, kuma waya ɗaya ba ta hawa duka biyun a tare.

Wuta ita ce ɗayar raunin. Kowace ɗiya tana shan wat kaɗan, wajen 10, amma kowacce na buƙatar soket mai rai. Idan ta tsakiya ta mutu, ta sama ma ta zama marainiya. Ƙananan batiran rauta masu ba da bolt 9 ko 12 suna taimakawa, sai dai sai ka sayi ɗaya ga kowace ɗiya, ka kuma tabbatar bolt ɗin da bakin wayar sun dace. Idan rautar kamfani ce ke kawo intanet, ka kashe Wi-Fi ɗinta bayan ka haɗa mesh, don kada su riƙa danne juna. Ka kuma sani cewa yawancinsu suna neman ka buɗe asusu da kamfanin, wasu abubuwan kamar cikakken sa ido a kan yara sai da biyan wata wata.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba: kusan duk waɗannan na'urori suna karɓar kebul a tsakaninsu. Da zarar ka haɗa ɗiyar sama da ta ƙasa da kebul, matsalar dakin ta ƙare, mesh mai arha ya koma yana yin abin da mai tsada ya kasa ta iska.

AP da kebul

Wannan shi ne abin da otal otal da ofisoshi suke yi. Kebul na fita daga rauta zuwa suwic, wato akwatin da ke raba kebul ɗaya zuwa da yawa, daga suwic kowane hawa ya samu nasa kebul, a ƙarshensa AP a manne a silin. Kowace AP tana samun cikakken gudu, ba tsalle, ba rabi. Ubiquiti UniFi da TP-Link Omada su ne sanannu. Kowace AP daga dala 60 zuwa 130, suwic ƙarami wajen 40 zuwa 80, sai kebul, wanda kwalinsa mita 305 ne, sai kuɗin ma'aikaci. Gida mai hawa uku zai tashi a kusan abin da mesh mai zango uku ke ci, wani lokacin ƙasa da haka.

Babbar falalarsa a wurinmu ita ce PoE, wato wuta da saƙo a kebul ɗaya. Suwic ne ke ciyar da AP ta cikin kebul ɗin, wat 15.4 a tsohon ma'auni, 30 a wanda ya biyo shi, kuma AP ta gida ba ta cinye hakan. Ma'ana ba ka buƙatar soket a silin, kuma wuri ɗaya kawai za ka ba wuta. Ka ɗora rauta da suwic a kan inbata, gidan gaba ɗaya yana da Wi-Fi ko NEPA ta yi kwana uku ba ta leƙo ba. Sauran zaɓi ukun ba kasafai suke ba da wannan ba.

Kebul ɗaya yana kai mita 100 ba tare da rasa gudu ba, wanda ya isa kowane gida har da ɗakunan bayan gida. Kebul mai ajin Cat5e yana ɗaukar gigabit, Cat6 ya fi shi kauri da juriya, kuma bambancin kuɗinsu bai kai a yi jayayya ba, don haka a sa Cat6. Inda ake cutar mutane shi ne ƙarfen ciki. Kasuwa cike take da kebul ɗin alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ana rubuta CCA a kwalinsa, wani lokacin ma ba a rubutawa. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka fere robar, ka kankare silin wayar da wuƙa. Idan ciki ja ne har tsakiya, jan ƙarfe ne. Idan fari ya bayyana, mayar masa da abinsa. Alminiyam yana karyewa a lanƙwasa, yana ɗumi idan an ɗora masa PoE, kuma kebul ɗin da aka binne a bango ba a son sake tono shi.

Wahalarsa ita ce jan kebul ɗin. Wanda ke kan gini ya ci sa'a: kafin a yi filasta, ka sa mai wayarin ya saka bututu daban na intanet, ba wanda wayar wuta ke bi ba, zuwa tsakiyar silin na kowane hawa, da bayan talabijin, da bakin get saboda kyamara. Kuɗin wannan a lokacin gini bai kai na tayil ɗin banɗaki ɗaya ba. Gidan da aka gama kuwa hanyoyi uku ne: a bi gefen matakala da farar robar rufe waya, a bi ta cikin silin ɗin POP inda akwai sarari, ko a fita ta waje a hau bango cikin bututu a shigo ta sama. Ba dole a fasa dakin ba. Mai saka kyamarorin tsaro ya fi mai wayarin ɗin wuta sanin wannan aiki, kuma kada ka sallame shi sai ya gwada kowane kebul da na'urar gwaji a gabanka, fitilu takwas sun kama a jere.

Kebul da zai ratsa tsakar gida zuwa wani gini daban yana da haɗarin tsawa da damina. Kada a rataye shi a iska daga rufi zuwa rufi. A yi amfani da na waje, a binne cikin bututu, a sa masa kariyar tsawa, in kuma da hali a ja faiba, wadda ba ta ɗaukar wuta sam.

Saitin farko ya fi na mesh neman sani. Ana iya yin sa da manhajar waya, amma don wayoyi su riƙa sauya AP cikin laushi yawanci sai an ƙara ƙaramar na'urar kula da su. Kada a cika su da yawa, kuma kada a ƙure musu ƙarfi, domin AP biyu masu ihu a hawa ɗaya suna rikita waya. Ɗaya a kowane hawa takan isa, biyu idan hawan dogo ne ko an raba shi sassa da bango mai kauri. Bayan an gama kuwa ana mantawa da su shekaru, kuma ranar da sabon Wi-Fi ya fito AP kawai za ka sauya, kebul yana nan.

Mai ƙaramin ƙarfi ma yana da rabo a nan. Tsohuwar rauta da ke ajiye a durowa tana iya zama AP: a ja mata kebul zuwa sama, a sa ta a yanayin AP ko a kashe mata DHCP, saitin da ke raba wa wayoyi adireshi, a ba ta suna da kalmar sirri irin na ta ƙasa, a kan hanya daban. Kuɗin kebul kawai ka kashe, kuma ta fi kowace rifita. Masu Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, su duba rautarsu: ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi adafta, ta uku tana da biyu.

| Zaɓi | Kuɗi | Ratsa dakin | Idan an ɗauke wuta | Haɗawa | Ƙarko |
|---|---|---|---|---|---|
| Rifita | dala 15 zuwa 40 | Rauni | Tana mutuwa da soket ɗinta | Mai sauƙi ƙwarai | Kaɗan |
| Powerline | dala 50 zuwa 100 | Ya danganta da wayarin | Takan yanke a kan inbata | Mai sauƙi | Matsakaici |
| Mesh ta iska | dala 100 zuwa 300 da ɗoriya | Matsakaici, sai ta matakala | Kowace ɗiya da batirinta | Mai sauƙi | Mai kyau |
| Mesh da kebul | Na sama, da kuɗin kebul | Cikakke | Kowace ɗiya da batirinta | Sai ma'aikaci | Mai kyau |
| AP da PoE | dala 250 zuwa 500, da aiki | Cikakke | Wuri ɗaya ake ba wuta | Sai ƙwararre | Mafi daɗewa |

Wa ya dace da wanne

Mai gini da bai yi filasta ba, babu abin tattaunawa: bututu da Cat6 yanzu, AP daga baya idan kuɗi sun samu. Haka mai gidan kansa mai hawa uku, ko gidan da ke da sashen maigida, sassan iyali da ɗakunan baya, ko wanda ke aiki daga gida kuma katsewar taron bidiyo asara ce gare shi. AP da PoE a kan inbata.

Mai gidan kansa da ba ya son dogaro da ƙwararre duk lokacin da zai canza kalmar sirri, ya sayi mesh mai ramukan gigabit ya ja kebul ɗaya ko biyu ta gefen matakala. Ga yawancin iyalai masu hawa biyu wannan nake ba da shawara, domin ya haɗa sauƙin manhaja da ƙarfin kebul, kuma ba ya buƙatar mai zango uku.

Ɗan haya da maigida ya hana shi huda bango, mesh ta iska a jere a kan matakala, da ƙaramin batir ga kowace ɗiya. Ranar tashi ya zuba su a jaka. Idan intanet ɗinsa bai wuce megabit 30 ko 40 ba, mai zango biyu ya ishe shi, domin ko an rasa rabi a hanya abin da ya rage ya fi abin da ke shigowa gidan.

Wanda ɗaki ɗaya ne kawai ke ba shi matsala, kuma WhatsApp da Facebook ne buƙatar mai ɗakin, rifita ko tsohuwar rauta da kebul. Powerline kuma sai ga mai layi ɗaya da wuta tsayayya, bayan gwaji.

Akwai masu sayen rautar SIM daban ga kowane hawa. Yana aiki, kuma a gidan da kowane sashe ke son riƙe datarsa yana kashe rigima, amma biyan wata wata sau biyu ko uku ne, cikin 'yan watanni ya haura kuɗin kebul da AP.

Duk wanda ka zaɓa, ranar da sabis ya kai ko'ina har bakin get, data za ta fara ƙarewa da wuri. Ka sa tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3 da kalmar sirri mai tsawo, ka kashe WPS, saitin da ke haɗa waya ba tare da kalmar sirri ba, ka canza kalmar shiga saitin na'urar, sannan ka buɗe wa baƙi da 'yan zaman ƙofar gida layin baƙi daban mai iyakar gudu, wanda za ka iya canza wa kalma ba tare da ka bi wayoyin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ba.